Kunnen Mai Ƙwanƙwasa Rufi

Samarin da ke zuwa wurina ranar Alhamis, kusan dukansu da dariya suke farawa. Sun ji an ce akwai wani tsoho a Akokan da ke koya wa masu tafiya haƙar zinariya yadda ake ƙwanƙwasa dutse, sai su zo kallon ikon Allah. Ɗaya daga cikinsu ya taɓa tambayata, da ladabinsa kuwa, wai da gaske ne shekara talatin da ɗaya kamfani yana biyana albashi don kawai in riƙa buga sanda a sama? Na ce masa da gaske ne, har da hutun shekara. Saboda irinsa nake rubuta wannan, ko da yake na san rabinsu sai an karanta musu.

Sunana Laminu, mutumin Matamaye ne ni, ta wajen Damagaram. Na zo Arlit ina saurayi, a bayan kamiyo, babbar motar ɗaukar albasa, da niyyar in yi rani ɗaya in koma gida in yi aure. Auren na yi shi, amma nan na kawo matar. Na fara da dako a kasuwa, daga nan aka ɗauke ni lebura a ramin yuraniyom na Akokan, inda ake shiga ƙarƙashin ƙasa da mota, a yi ta gangarawa har mutum ya manta da akwai rana. A can, idan an fasa dutse da nakiya, hayaƙi ya fita, an yayyafa ruwa, ba mai shiga wurin sai mutum ɗaya ya riga kowa. Shi zai duba rufin da ke kan mutane, ya sauko da duk abin da ya saki, sannan a zo a ɗaure sauran da dogayen ƙusoshi. A takarda aikin yana da sunansa na Faransanci, amma a bakin ma'aikata mai ƙwanƙwasa ake cewa, kuma shi na yi har aka rufe ramin.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai hular kwano, wadda muke kira kaski, da fitila a goshinta, da takalman roba masu ƙarfe a baki, sai sanda. Sandar ita ce komai. Doguwa ce, wani lokacin ta kai tsayin mutum biyu, jikinta ba nauyi, bakinta na baƙin ƙarfe an ɗan lanƙwasa shi. Da bayan bakin kake bugawa ka saurara, tsininsa kuma kake zurawa a tsaga ka ɓamɓaro abin da ya saki. Kowa da tasa, ba a aro, domin kowace sanda da muryarta, kuma sai ka san muryar taka kafin ka iya raba ta da ta dutse.

Dutse mai lafiya, in ka buga shi, tangaran yake amsawa. Wanda ya rabu da uwarsa daga ciki kuwa, ko da fuskarsa sumul take, sai ka ji bum, kamar ƙwaryar da aka kifa a kan ruwa. Wannan kowa zai iya ganewa a wuni ɗaya, shi ya sa yara ke raina aikin. Abin da ke cin shekaru shi ne na tsakiya. Babban falle mai kauri yana iya sakewa, ka buga shi ya amsa maka kusan tangaran, sai dai wutsiyar sautin ta gajarce, kamar mutumin da ya amsa maka sallama alhali yana fushi da kai. Ƙananan duwatsu sukan fasa kai ko su karya kafaɗa. Irin wannan babban shi ne ba ya barin wanda zai ba da labari, kuma ba ka da abin kama shi sai wannan ƴar wutsiyar.

Maigidana a aikin shi ne Agali, Ba'abzine daga wajen Iferwan, dogo siriri, wanda ko a ƙarƙashin kaski sai ya naɗa ɗan ƙyalle ya rufe bakinsa. Hausarsa mace da namiji duk ɗaya ne, mukan kwaikwaye shi a bayan ido, amma a gabansa ba mai ko murmushi. Wata uku na farko bai bar ni na taɓa sanda ba. Ina tsaye a bayansa, ya buga, ya waiwayo ya dube ni, ni kuma in faɗi abin da na ji. In na yi daidai ba ya cewa uffan. In na yi kuskure sai ya zura tsini a wurin da na ce lafiya, dutsen ya faɗo a gabanmu, ya bar ni in ƙare masa kallo. Shi ya koya mini a fara daga inda aka riga aka ɗaure a nufi inda ba a taɓa ba, a riƙe sanda ta gefe kada a tokare ta da ciki, a share hanyar gudu a baya kafin a ɗaga kai sama. Kuma duk injin da ke kusa sai an kashe shi. Direbobin injuna ba su ƙaunarmu saboda wannan, don su da yawan abin da suka kwasa ake yaba musu, mu kuwa mu zo mu tsayar da su muna sauraron dutse.

Akwai aiki ɗaya da har gobe ina iya nuna inda ƙafata take a tsaye. A watana na takwas, Agali ya bar ni ni kaɗai a wani lungu da aka fasa da safe, shi ya wuce na gaba. Na gama gefen dama, na shiga na hagu, na ji wani wuri da bai kwanta mini ba, na tsaya ina ƙara bugawa. Sai ga shef ɗinmu, wato shugaban aiki na ranar, mutum mai fara'a, ya leƙo daga bakin lungun ya ɗaga murya ya ce, "Laminu, lafiya?"

Ni ɗan Matamaye, wanda uwarsa ta yi masa tarbiyya, babba ya tambaye ni lafiya, me zan ce? Ko waiwayawa ban yi ba na ce lafiya lau. Ni gaisuwa na amsa, shi kuwa rufi ya tambaya. Ya juya ya yi wa masu huda dutse hannu su shigo. Kafin in gane abin da ake ciki, Istifanus, wani Kirista mutumin Maraɗi da muke cin abinci kwano ɗaya, ya riga ya shigo ta gefen hagu yana jan tiyo. Fallen da ya faɗo bai fi ƙyauren ɗaki ba. Ya kuskure kansa, ya same shi a ƙafa. Istifanus ya yi wata huɗu a gadon likita, ya fito yana ɗingishi, kuma da ɗingishin ya ƙarasa aikinsa. Bai taɓa ce mini komai a kai ba, har ma ya halarci sunan ɗana na fari. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Agali bai buge ni ba, bai kuma ɗaga murya ba. Ya karɓi sandata, ya zaunar da ni a kan wani dutse, ya ce, "Sama can, lafiya gaisuwa ne. Ƙasa nan, lafiya rantsuwa ne. Kai ka ce lafiya, mutum ya shiga da ƴaƴansa duka a wuya."

Wata guda ina ɗaukar wa mutane ruwa kafin ya mayar mini da sandar. Daga ranar ya kafa mana doka a ƙungiyarmu, cewa mai riƙe da sanda ba a gaishe shi, shi ma ba ya amsa gaisuwa, ko da daraktan kamfani ne ya sauko. In an tambaye shi, amsa uku gare shi: lafiya, ba lafiya, ko ban gama ba. Sababbin zuwa sukan ɗauka girman kai ne, ka yi wa mutum sannu ya yi banza da kai. Mukan bar su da tunaninsu har su ga dutse ya faɗo sau ɗaya.

Shekaru suka yi ta tafiya. Agali ya yi ritaya ya koma wurin raƙumansa, ni na zama babba, mutane da yawa suka bi ta hannuna. An kawo injin ɓamɓarar rufi, aka ce zamaninmu ya wuce, amma ko bayan injin ya gama sai an kira mai sanda ya bi sawu. Mun ga shekarun da kasuwar yuraniyom ta faɗi aka rage mutane, mun ga na tsoron ƴan bindiga, amma wadda ta fi kowace nauyi a wurinmu ita ce 2021, da aka rufe ramin baki ɗaya. Ni dai ko da ma shekaruna sun kai na hutawa, ban isa in yi kuka kamar masu ƙananan yara ba. Abokai suka watse, wasu Agadas, wasu Anu Araren wajen haƙar kwal, wasu gida. Ni na zauna, domin a Akokan na yi gini, nan aka haifi ƴaƴana, Matamaye kuwa in na je yanzu har tabarmar baƙi ake shimfiɗa mini.

Wata shida na farko jikina bai yarda an rufe ba. Ina idar da sallar asuba sai in ga ƙafata ta nufi inda motar ma'aikata ke tsayawa, in je in tarar da ƴan kabu-kabu suna dubana. Na gwada kiwon tumaki, suka rame. Na gwada zama a shagon ƙanin matata, ya roƙe ni da girman Allah in huta, don na fi korar masu saye a kan jawo su. Rabi, matata, ta taɓa kama ni ina ƙwanƙwasa yaɓen ɗakin girki da muciyarta, kuma wallahi akwai wurin da ya saki. Abin da ya fi ci mini rai shi ne suna. Shekara da shekaru ana kirana Laminu Mai Sanda, sai na wayi gari na ji ana yi wa wani kwatance da tsohon nan na gida mai shuɗin ƙyaure. Zaman kashe wando bai karɓe ni ba, na zama mafaɗaci, Rabi za ta ba da shaida.

Abin ya sauya ne a wurin zaman makoki. Ɗan maƙwabcinmu ya tafi arewa haƙar zinariya, kamar yawancin samarin garin, rami ya rufta da shi. Muna zaune a ƙofar gida, sai wani abokin aikinsa, Sallau, mutumin Tawa, magidanci mai ƴaƴa uku kuma shugaban masu shiga ramin, yake ba da labari cewa babu abin da ya nuna, kwana ne kawai ya ƙare. Kwana ya ƙare, wannan ban musa ba. Babu abin da ya nuna ɗin ne ya tsaya mini a wuya. A gaban uban mamacin, a kan tabarmar da ba a yin irin wannan magana, na tambaye shi ko ƙasa ba ta riƙa zubowa siriri daga sama ba kafin abin ya faru. Ya ce ta zubo tun ana gobe. Na ce to, kun ƙwanƙwasa? Ya dube ni kamar na yi masa wani yare. Liman ya dafa gwiwata, na ja bakina, na koma gida ina jin kunyar kaina.

Bayan kwana uku Sallau ya yi sallama a ƙofata. Na ɗauka faɗa ya kawo, har na shirya ba shi haƙuri, abin da ban saba ba. Ashe zuwa ya yi in nuna masa wannan ƙwanƙwasar da nake magana. Sandar kamfani na mayar da ita tun ranar sallama, don haka na sa wani maƙeri a kasuwar Arlit ya yi mini gajeriya da bututun ƙarfe, tunda ramukan zinariya a durƙushe ake shigarsu. Na kai Sallau bayan gari, inda masu fasa dutsen gini suka ci gefen wani tudu har ya yi rumfa. Na tsayar da shi a bayana, na buga, na waiwaya na dube shi. Mako na gaba ya zo da mutum huɗu. Daga nan abin ya zama na kowace Alhamis, don waɗanda za su bi motocin ƙarshen mako su samu.

Ba mu da ƙungiya, ba mu da takarda, ko benci babu. Ba na karɓar komai. Wani mai rami ya taɓa aiko mini da rago, na sa aka mayar masa, ba don na ƙoshi ba, sai don na san ranar da yake son a ce lafiya, naman ragon zai riƙe mini harshe. Na koya musu bugu, na koya musu tsayuwa, na koya musu yadda ake kafa itace a tokare rufi, na kuma koya musu amsoshin Agali guda uku. Wannan na ƙarshen ya fi ba su wuya. Bahaushe ka ce kada ya amsa gaisuwa, ai ka nemi abu mai girma. Sannu a hankali sunana ya dawo, har ya ƙaru, ana cewa Baba Mai Sanda. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi ƙwarai, har tafiyata ta sauya.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne kunnena yana tafiya. Laifin nawa ne. An ba mu abin toshe kunne a wurin aiki, amma mai ƙwanƙwasa dole ya cire in zai saurara, ni kuma in an tayar da injuna sai ƙyuya ta hana ni mayarwa. Na hagu ya fara, ya koma ƙugi kawai, na dama ya bi shi a hankali. Rabi da farko ta ɗauka kunnen uwar shegu nake yi mata, daga baya ta gane, ta daina kirana daga nesa, sai ta zo ta tsaya a gabana. A tudun koyarwa kuwa ba wanda ya lura, domin na san wurin kamar yunwar cikina. Na san inda ke cewa bum da inda ke cewa tangaran tun kunnen yana da sauran ƙarfi. Ina bugawa, ina faɗa musu abin da na haddace, suna gyaɗa kai.

A shekara ta uku da fara koyarwar, Sallau ya zo mini da magana. Sun yi wata biyar suna haƙa wani rami, sun kai ga jijiyar zinariya mai kyau a wani lungu, amma rufin lungun ya raba kansu. Wasu sun ce ba su shiga, mai ramin ya ce tsoro ne kawai, a ƙarshe duka suka yarda a ɗauko Baba Mai Sanda, abin da ya faɗa shi ke nan. Tun a nan ya kamata in faɗi gaskiya. Amma mutum ya taso tun daga arewa ya ce ba wanda aka yarda da shi sai kai, to, kan tsoho ma yana kumbura. Ina haɗa kaya Rabi ta zo gabana ta ce da wane kunnen za ni? Na yi kamar ban ji ba, wannan karon da gangan.

Kwana ɗaya da wuni muka yi a bayan mota, a kan jarkokin ruwa. Da hantsi aka ɗaura mini igiya aka zura ni kamar guga. Sallau da mutum biyar suka biyo ni, mai ramin ya tsaya a sama. Na sa aka kashe injin wuta, muka rarrafa da fitilun goshi har bakin lungun. Dutsen ba irin namu na Akokan ba ne, wannan fari ne mai ƙyalli, da jijiyoyi a jikinsa, ban taɓa jin muryarsa ba. Na share bayana, na gyara zama, na yi bisimilla, na buga.

Hannuna ya ji bugun. Kunnena kuwa sai ƙugin nan nasa na kullum. Na matsa taki ɗaya na sake bugawa. Na juya kunnen dama sama na ƙara. Sautin yana zuwa mini kamar daga gidan maƙwabta, wutsiyarsa kuwa, inda duk labarin yake, babu ita sam. Na yi ta bugawa har zufa ta cika mini ido. A bayana mutum shida sun yi tsit, ba wanda ya gaishe ni, ba wanda ya yi tari, daidai yadda na koya musu. Can da na sauke sandar, Sallau ya matso kusa da ni ya ce, "Baba, ƙaƙa? Lahiya?"

Lafiya dai ba zan ce ba, tun ranar Istifanus bakina ya daina faɗinta a banza. Amma akwai ƙaryar da ta fi wannan sauƙi, kuma ita ce ta zo mini. In na ce ba lafiya, ba mai kama ni har abada. A rufe lungun, mutum shida su bar wahalar wata biyar su koma wa iyalinsu hannu rabbana, ni kuma in hau mota da girmana, har a riƙa cewa Baba ya ceci rayuka. Amsa ta uku, ban gama ba, ita ma tana nan, sai dai na san ko zan kwana bakwai ina bugawa ba zan gama ba. Na ji tsoro a wurin nan, kuma ba na dutsen ba ne. Tsoron nake in fita daga ramin ba ni da sauran abin da zan amfana wa kowa.

Na ce, "Ban ji ba."

Ya ɗauka tambayarsa ce ban ji ba, ya buɗe baki zai maimaita. Na ce, "Dutsen ne ban ji ba, Sallau. Kunnena ya mutu, ya fi shekara. Karɓi sandar."

Ya miƙo hannu ya karɓa. Na koma bayansa, ina haska masa inda zai buga da fitilata, taki bayan taki, daga wuri mai kyau zuwa wanda ba a sani ba. Shi yana bugawa, ni ina kallon fuskarsa. A wani wuri kusa da jijiyar ya tsaya, ya buga sau uku, ya ce a kunnena na dama wutsiyar ta gajarce. Na ɗora tafina a gefen wurin na ce ya ƙara. Na ji kamar ɗan rawa a hannuna, amma ban isa in rantse a kai ba, don haka na kira wasu biyu daga cikinsu, kowa ya saurara, duka suka faɗi abin da Sallau ya faɗa. Na mayar da kowa baya, na nuna masa tsagar da zai zura tsini da gefen da zai tsaya. Bai yi wani ƙarfi ba fallen ya sauko, faɗinsa kamar tabarmar salla, kaurinsa ya kai kamu biyu. Da ƙurar ta kwanta ya sake bin rufin daga farko har ƙarshe, su ukun suka ce tangaran. Na sa suka kafa itace huɗu. Da muka fito mai ramin ya tambaya, ni ya duba, amma Sallau ne ya ce lafiya, kuma rantsuwarsa ce ba tawa ba.

Ba wanda ya yi mini maganar kunne, ko a wurin cin abinci ko a hanya. Sun yi mini kara, kowa yana kawar da ido, wannan kuma ya fi mini zafi a kan a yi dariya. Da zan hau mota na bar sandar a jingine a bakin rumfarsu, da gangan. Na dawo Akokan na gaya wa Rabi yadda aka yi. Ba ta ce ai na faɗa maka ba, ta dai kawo mini ruwan wanka. Alhamis biyu ban je tudun ba. Na ce a raina wa zai zo koyon sauraro a wurin kurma, labari kuma na san ya riga ni isowa.

Ranar Laraba bayan la'asar ina zaune a ƙofar gida sai ga Sallau a kan kabu-kabu, da sandar a kafaɗa. Muka gaisa har ƙarshe, don a sama muke. Ya jingine sandar a bango kusa da ni, ya ce gobe Alhamis, akwai sababbi goma sha ɗaya daga wajen Maraɗi da za su wuce arewa, kuma makon jiya mutane sun je tudun sun jira har rana ta take. Na ce masa shi ya koya musu, kunnensa ya fi nawa ko a lokacin da nake da shi, ni aikina ya ƙare. Ya tsuguna, ya sunkuyar da kai kamar yadda ake yi a gaban babba, ya faɗi wata magana ƙasa-ƙasa. Leɓensa kawai na ga yana motsi.

Na ce ban ji ba. Ya ɗan ɗaga murya, na tsinci rabi. Na sake cewa ban ji ba. Ya ɗago ya dube ni, dariya ta kusa ƙwace masa, sannan ya buɗe murya yadda har mai shayin bakin titi ya waiwayo.

"Na ce bugun dutse ni ma ina iya gwada musu, Baba. Amma babba shi tsaya gaban mutane shi ce bai ji ba, wanga ban taɓa ganin wanda yay yi shi ba sai kai. Cikin rami ɓoye wanga shi na ka kashe mu, kowa kunyar hwaɗinai shi kai. Shi ni ka so su gani."

Na yi ta duban ƙasa. Rabi ta leƙo daga zaure, ta zo ta tsaya a gabana ta ce in wannan ma ban ji ba, to ita ta ji daga ɗakin girki, kuma takalmana suna bayan ƙyaure. Washegari na riga su isa tudun.